Derek Parfit: in an raba ka biyu, wanne ne kai? Kuma wa aka cuta in ba a haife shi ba tukuna?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muke kan Ibn Sina, Malam Tijjani ya ce falsafar Turawan zamanin nan ta koma wasa da kalmomi, babu mai taɓo tambayar da za ta hana mutum barci. Na ce zan kawo wanda zai ƙaryata wannan zance. To ga shi: Derek Parfit.

Baturen Ingila ne, amma a Chengdu ta ƙasar Sin aka haife shi ranar 11 ga Disamba 1942, inda iyayensa, likitoci su biyun, suke aikin mishan. A Oxford ya tashi. Tarihi ya karanta a jami'a, sai da ya je Amurka a tsakiyar shekarun 1960 ya karkata ga falsafa. A 1967 ya ci jarrabawar shiga All Souls, wata kwaleji a Oxford da ba ta ɗaukar ɗaliban digirin farko: a ba ka ɗaki, a ciyar da kai, aikinka tunani da rubutu. Can ya zauna har 2010. Ko digirin digirgir bai yi ba, kuma littattafai biyu kacal ya bari, Reasons and Persons a 1984, sai On What Matters da ya fara fitowa a 2011. Ya mutu a farkon Janairun 2017.

Ga tambayar da ya fi shahara da ita. A ce akwai wata na'ura, ka shiga ka danna maɓalli. Ta ɗauki bayanin kowace ƙwayar halitta ta jikinka da ƙwaƙwalwarka, ta narkar da jikin nan take, ta aika bayanin ta rediyo zuwa duniyar Mars. A can wata na'urar ta ƙera sabon jiki daidai da naka, ba ragi ba ƙari. Mutumin ya buɗe ido yana tuna komai naka, har ɗan yankan da reza ta yi maka a leɓe da safe yana nan a leɓensa. Tafiya ka yi, ko mutuwa ka yi wani ya gaje ka?

Zulai:
Mutuwa mana, Yaya. An kashe ni an yi kwafi. In ana son gaskiya a tambayi mahaifiyata.

Bashir Kumasi:
Ai nan gizo ke saƙar, Zulai. Hajiya ba za ta gane ba. Da muryarki za a gaishe ta, har a ba ta haƙuri kan bashin da take binki.

Abban Hanifa:
Kuma bai tsaya nan ba. Ya ce a ɗauka an fito da sabuwar na'ura wadda ba ta narkar da jikin. Ka fito lafiya, kwafinka ma ya fito a Mars. Sai likita ya ja ka gefe ya ce na'urar ta taɓa maka zuciya, kwanakinka kaɗan suka rage. Aka haɗa ka da kwafin ta bidiyo, yana lallashinka: kada ka damu, yana son matarka kamar yadda kake sonta, zai riƙe 'ya'yanka, zai ƙarasa littafin da ka fara. Parfit ya ce mutuwa a irin wannan hali kusan daidai take da a ce ka rayu.

Bashir Kumasi:
Yana son matata? Wannan ne lallashin? Ni kam a bar ni da jirgin sama, ko shekara nawa zai ɗauka.

Malam Tijjani:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, ka kawo labari mai daɗi, amma an ɓoye amsar tun a cikin tambayar. Wa ya ce mutum tsoka ne da ƙwaƙwalwa kawai? Na'urar ta ɗauki bayanin ƙwayoyin jiki, to ruhin fa? Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 85, ruhi yana daga al'amarin Ubangiji. Ba a aika shi ta rediyo. Abin da zai fito a Mars, in ma ya fito, gawa ce mai kyan gani.

Kuma irin wannan "a ce" ba Turawa suka fara shi ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara an halicci mutum cikakke lokaci guda yana shawagi a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ba zai san yana da hannu ko zuciya ba, amma zai san akwai shi. Ke nan "ni" wani abu ne daban da jiki. Shi Ibn Sina ya yi nasa misalin don ya tabbatar da rai, naka ya yi nasa don ya kore shi.

Abban Hanifa:
Allah gafarta Malam, bai ɓoye ba, a fili ya faɗa. Ya ce da akwai wani abu tilo da ke zaman kansa daban da jiki da ƙwaƙwalwa, to da tambayar "ni ne ko ba ni ba ne" tana da amsa ɗaya kullum, kuma da ita ce ta fi komai muhimmanci. Har ya kawo irin shaidar da za ta sa shi yarda: a ce wata mata a Japan ta tuna rayuwar wani mayaƙi na zamanin da a Turai, ta kwatanta inda ya binne wani abin hannu, a je a tona a same shi yadda ta faɗa, kuma irin haka ya yi ta maimaituwa. Ya ce ba mu da irin wannan shaida. Ni Musulmi ne, hujjata wahayi ce, shi kuma bai karɓi wahayi ba. A nan muka rabu da shi. Amma mutumin da ya nuna maka daidai tubalin da za ka zare gininsa ya rushe, ba za a ce wasa yake da kalmomi ba.

Dakta Rabi:
Bari in sa baki ta ɓangarena, don ba duka misalansa ne tatsuniya ba. A shekarun 1960 a Amurka an yi wa wasu masu farfaɗiya mai tsanani tiyata, aka yanke jijiyoyin da ke haɗa ɓarin dama da ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Roger Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka yi nazarinsu, Sperry har ya samu kyautar Nobel a 1981. In an nuna wa ɓarin dama hoto ba a nuna wa na hagu ba, sai baki ya ce bai ga komai ba, hannun hagu kuma ya lalubo abin da aka nuna. Kamar sani biyu a kai ɗaya. Akwai kuma yaran da ake cire wa ɓari guda sukutum saboda ciwo, su rayu, su yi makaranta. A kan wannan Parfit ya ɗora misalinsa mafi ƙarfi, ba a kan na'urar Mars ba.

Abban Hanifa:
Na gode Dakta, can na dosa. Tun a wata maƙala ta 1971 ya fara wannan zance. A ce mu 'yan uku ne masu kama ɗaya. Aka yi haɗari, jikina ya lalace, su kuma 'yan'uwana biyu ƙwaƙwalwarsu ce ta lalace. Aka raba tawa biyu, aka sa wa kowa ɓari guda. Duka biyun suka farka, kowa yana tuna yarintata, yana da halina, yana cewa shi ne ni.

Ko dai na mutu, ko ni ne ɗaya daga cikinsu, ko ni ne su biyun. In da ɓari ɗaya kawai aka dasa, ɗayan ya faɗi ƙasa ya lalace, kowa zai ce na rayu. To ta yaya nasara biyu za ta zama asara? In an ce ni ne na dama, me ya fi na hagu da shi? In an ce ni ne su biyun, gobe ɗaya ya tafi Makka ɗaya ya tafi Legas, shekara goma su haɗu su yi faɗa, ni da kaina nake faɗa ke nan?

Abin da ya fitar shi ne, mun san duk abin da ya faru, ba abin da ya ɓuya, saura kawai sunan da za mu ba shi. Ya kwatanta da ƙungiyar da ta daina zama, bayan shekaru wasu tsofaffin 'ya'yanta suka farfaɗo da ita da suna ɗaya da dokoki ɗaya. Ita ce ko wata ce? Tambaya ce marar ciki. A wurinsa abin da ke da muhimmanci shi ne ɗorewar tunawa da niyya da hali, ba "ni" ba. Ya ce da ya yarda da haka sai tsoron mutuwa ya ragu masa, sauran mutane kuma suka matso kusa da shi. Daga baya aka nuna masa cewa mabiya Buda sun daɗe suna faɗar makamancin haka, ya sa wannan a ƙarshen littafin.

Malam Tijjani:
Rashin sanin amsa ba rashin amsa ba ne. Ruhi ba ya rabuwa. Ko ya bi na dama, ko ya bi na hagu, ko an karɓe shi a teburin tiyata. Ni da kai ba mu san wanne ba, wanda ya busa shi ya sani. Kuma malamanmu sun riga shi cin karo da irin wannan. Imam Ghazali a littafinsa Tahafut ya kawo mas'alar mutumin da ya cinye wani mutum, naman wancan ya zama naman wannan, to ranar tashi jikin wa za a mayar? Bai ce tambayar ba ta da ciki ba. Cewa ya yi rai yana nan, shi ne mutumin, a mayar da shi cikin jiki ko da ba ainihin ƙwayoyin farko ba ne.

Abban Hanifa:
Wannan amsa ce ta gaske, ban da abin cewa a kanta sai abu ɗaya: wanda ruhin bai bi ba, shi ma yana magana, yana salla, yana kuka. Sabon ruhi aka ba shi mai tuna zunubban da bai yi ba?

Baba Sani:
Yara, ku bar ni in tsoma baki, tsohon malamin makaranta ba ya iya shiru. Wannan rigima a Ingila ta faro ne daga John Locke, a ƙarshen ƙarni na 17, kuma abin da ya dame shi shi ne hisabi: wa za a kama da laifi, a kotu da ranar ƙiyama. Shi ya kawo misalin ɗan sarki da ya farka a jikin baduku. To ni tambayata ke nan. In "ni" ba shi da muhimmanci, wa zai biya bashi? Wanda ya yi kisa yana ɗan ashirin aka kama shi yana ɗan tamanin, sai ya ce ai alaƙata da wancan yaron ta yi rauni?

Abban Hanifa:
Baba, ranka ya daɗe, bai guje wa wannan ba. Ya ce mai yiwuwa ne cancantar hukunci ta ragu gwargwadon yadda alaƙar ta yi rauni. Ya kuma juya abin ta ɗaya gefen: in kai na shekara arba'in masu zuwa kamar wani mutum ne daban, to saurayin da ke lalata huhunsa da taba ba wauta kawai yake yi ba, zalunci yake yi wa wani dattijo da ba shi da bakin magana yanzu. A littafinsa na biyu ma ya zarce haka, ya ce babu wanda ya cancanci shan azaba, ko wane ne. An ruwaito cewa yana ƙaramin yaro mai addini ne ƙwarai, har yana son zama ɗan zuhudu, sai ya bar addinin yana wajen shekara takwas saboda ya kasa yarda da azabar wuta.

Baba Sani:
Maganar taba ta shige ni. Ta biyun kuwa, a je a faɗa wa wanda aka kashe wa ɗa.

Ummu Sadiq:
Ni duk wannan ya fi ƙarfina, amma ina son sanin shi kansa wane irin mutum ne. Mai irin wannan tunani yana zama da mutane kuwa?

Abban Hanifa:
Hajiya, sai a hankali. Farar riga da baƙin wando iri ɗaya ya tara, don kada ya ɓata lokaci wajen zaɓen tufafi. Abinci kusan iri ɗaya kullum. Yana goge baki yana karatu. In ɗalibi ya ba shi rubutu, sharhin da zai mayar wani lokaci ya fi rubutun tsawo. Abin da kawai ya raba shi da tebur shi ne ɗaukar hoto: shekara da shekaru yana zuwa Venice a Italiya da St Petersburg a Rasha yana ɗaukar gine-gine, sannan ya biya kuɗi mai yawa a goge motoci da wayoyin lantarki da duk abin da ya ga ya ɓata hoton. Ya auri Janet Radcliffe Richards, ita ma masaniyar falsafa, a 2010, bayan kusan shekara talatin suna tare. Bai haihu ba. David Edmonds ya rubuta tarihinsa a 2023.

Zulai:
Wato mutumin da ya ce katangar da ke tsakaninsa da mutane ta rushe, shi ne wanda ba shi da lokacin kowa. Wasu na dafa masa, wasu na share masa ɗaki, shi yana ceton ɗabi'ar duniya. Allah ya ba matar lada.

Abban Hanifa:
Ba zan kare shi a nan ba, ƙanwata. Amma mu ajiye ruhi a gefe, don akwai ɓangaren aikinsa da ko ka yarda da ruhi ko ba ka yarda ba sai ya cije ka. Kashi na huɗu na Reasons and Persons kan waɗanda ba a haifa ba tukuna ne.

Misalinsa: yarinya 'yar shekara 14 ta yanke shawarar haihuwa yanzu. Saboda ƙuruciyarta ɗan ya taso da wahala, amma dai rayuwarsa ta fi babu. Kowa zai ce da ta jira da ɗanta ya fi samun gata. Parfit ya ce a tsaya. Da ta jira, ko wata ɗaya ne, wani ƙwan ne da wani maniyyin za su haɗu, wani yaron daban za a haifa. Wannan ɗan ba shi da wata hanyar zuwa duniya sai wannan. To wa ta cuta?

Issoufou Damagaram:
Na san za a zo nan. Duk inda Bature ya fara da 'yar shekara 14, mu yake nufi.

Dakta Rabi:
Malam Issoufou, a wannan karon ba haka ba ne. Yarinyar tasa ba 'yar ƙasarmu ba ce, kuma in ka lura hujjar masu cewa "an cuci ɗan" ce ya kwance wa zani a kasuwa. Cutarwar da uwar kanta ke fuskanta, doguwar naƙuda da yoyon fitsari, wannan a fili take, muna ganinta a asibiti, ba ta buƙatar falsafa. Tambayarsa a kan ɗan ce kawai.

Malam Tijjani:
Wannan mai sauƙi ce a wurinmu. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri kan azalu, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa babu ran da aka rubuta zai samu har zuwa ranar ƙiyama face sai ya samu. Ba haɗuwar ƙwai da maniyyi ke zaɓen wanda zai zo ba. Wanda aka rubuta shi zai zo.

Zulai:
Allah gafarta Malam, ina neman ƙarin haske, ba gardama ba. In ran da aka rubuta mata zai zo ko yau ko bayan shekara shida, to ai ɗan nan ɗaya ne ke nan. Da ta jira, shi ɗin dai zai zo, ya tarar da uwa mai hankali da ƙarfi. Ke nan a bisa amsar Malam an cuce shi ƙarara. Parfit ya wanke ta daga cutar da ɗan, Malam ya mayar mata da laifin.

Bashir Kumasi:
Tirƙashi.

Malam Tijjani:
'Yata, kin yi tunani, amma kin ɗora wa hadisin abin da bai faɗa ba. Cewa ya yi wanda aka rubuta zai samu. Bai ce da an jinkirta da rai ɗaya zai shigo wani jikin ba. An rubuta shi ne da lokacinsa da uwarsa da arzikinsa gaba ɗaya. Kuma an hane mu da yawan "da na yi kaza da kaza ya faru", don tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan.

Zulai:
To in an rubuta shi da lokacinsa, ba shi da wani lokacin, mun dawo wurin Parfit ke nan: wannan ɗan ba shi da wata hanya sai wannan. Ko dai rai ɗaya ne an cuce shi, ko rai daban ne tambayar tana nan. Ban ga ta uku ba.

Baba Sani:
Malam, hanin "da" a kan nadamar abin da ya wuce ne. Yarinyar nan shawarar abin da ke gaba ake magana. In ba haka ba ai rabin littattafan fiƙihu "a ce" ne da "in da". Ka amsa mata.

Malam Tijjani:
Baba, zan amsa. Ta ukun ita ce, a wurinmu laifi ba sai an sami wanda aka cuta ba. Akwai haƙƙin bawa, akwai haƙƙin Allah. Wanda ya yi sakaci da amana ya yi laifi ko da babu mai ƙara. Shi Parfit ya shiga rami ne saboda ya taso cikin mutanen da ke ganin in ba a cuci wani takamaimai ba to ba a yi komai ba.

Abban Hanifa:
Abin mamaki, Malam, a nan kun haɗu da shi. Wannan ra'ayin ne yake rusawa. Ya ce yarinyar ta yi kuskure duk da babu wanda aka cuta, don haka dole ɗabi'a tana da wani ɓangare da bai rataya a kan "wa aka cuta" ba. Bambancinku shi ne kai kana da inda za ka jingina wannan ɓangaren, shi kuwa nema yake.

Issoufou Damagaram:
In haka ne na janye rabin maganata, don ina ganin inda abin ya shafi ƙasa. A nan wajenmu, Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin gawo da sauran itatuwa suna tofowa a gona maimakon a sassabe su. Wanda ya bar su ya san jikoki ne za su fi cin moriya. Shin ya yi magana a kan irin wannan?

Abban Hanifa:
Kai tsaye. Ya ce a ɗauki al'umma da ke da zaɓi biyu: ta cinye albarkatunta yanzu, ko ta tattala. In ta cinye, za a ɗan fi jin daɗi na shekara 200, daga nan rayuwa ta faɗi ƙasa sosai. Amma babbar manufa irin wannan tana canja inda mutane ke aiki, garin da suke zama, wa ya haɗu da wa, wa ya auri wa, a wane dare aka ɗauki ciki. Bayan ƙarni biyu babu ko mutum ɗaya da zai zama shi ne wanda da za a haifa a ɗaya zaɓin. Waɗanda suka gaji ƙasar da aka cinye ba za su iya cewa an cuce su ba, don da an tattala da ba su ne za su zo ba. Duk da haka cinyewar laifi ce. Masu muhawarar sauyin yanayi har yau suna fama da wannan.

Sai ya tafi neman ƙa'idar da za ta bayyana dalili, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. In ka ce abin lura shi ne jimillar alherin da ke duniya, to ka ɗauki duniya mai mutum biliyan 10 duk suna cikin ni'ima, ka gwada ta da wata mai mutane ninkin-ba-ninkin waɗanda rayuwar kowannensu da ƙyar ta fi babu. In yawan ya kai, jimillar ta biyu za ta rinjaya. Shi da kansa ya kira wannan sakamako abin ƙyama. Ya gwada hanyoyin kauce masa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kai shi ga wanda ya fi muni, ya rufe littafin yana cewa bai samo ƙa'idar ba.

Bashir Kumasi:
Wannan kam na yaba masa. Littafi mai shafi sama da 500, a ƙarshe ka ce ban samu ba.

Zulai:
Ni abin da ke damuna shi ne wa ke riƙe da ma'aunin. Mutumin da ke cin abinci a All Souls, in ya ce rayuwar da da ƙyar ta fi babu, rayuwar wa yake hangowa? Wataƙila ta kakata ce, wadda kuma ba ta taɓa cewa ta gaji da duniya ba.

Abban Hanifa:
Akwai masana da suka bi ta nan. Torbjörn Tännsjö na Suwidin ya karɓi sakamakon, ya ce babu abin ƙyama a ciki, don rayuwar yawancinmu, har da masu hali, ba ta wuce wannan matakin da nisa ba.

Shekarunsa na ƙarshe kuwa a kan wani abu daban ya ƙarar. Juzu'i biyu na farko na On What Matters sun kai shafi wajen 1,400, na uku ya fito a 2017 bayan mutuwarsa. So yake ya nuna cewa mabiya Kant, masanin falsafa Bajamushe, da masu auna aiki da sakamakonsa, da masu bin Thomas Scanlon da ke gina ɗabi'a kan ƙa'idojin da babu mai hankalin da zai ƙi, duk dutse ɗaya suke hawa ta fuskoki daban. Kuma yana so ya tabbatar cewa kyau da muni gaskiya ne tabbatattu kamar lissafi, ba al'ada ko son rai ba. Ya rubuta cewa in ba haka ba ne to ya ɓata mafi yawan rayuwarsa. Saɓaninsa da Bernard Williams, wani masanin falsafa na Ingila, a kan wannan ya yi ta cin sa har bayan mutuwar Williams a 2003.

Malam Tijjani:
To ai Mu'utazilanci ne ba tare da Allah ba. Su ma sun ce hankali shi kaɗai yana gane kyakkyawa da mummuna kafin zuwan shari'a, Ash'arawa suka ce a'a, hukunci daga shari'a yake. Mu'utazilawa ko ba komai suna da Mahaliccin da ya dasa hankalin. Shi fa, waɗannan gaskiyoyin nasa a ina suke zaune, wa kuma zai tambayi wanda ya take su?

Abban Hanifa:
Ya ce ba sa buƙatar wurin zama, kamar yadda lamba bakwai ba ta da gida. Abokan aikinsa da yawa ba su gamsu ba, ni ma ban gamsu ba.

Dakta Rabi:
Kafin a watse, ga wani misalin nasa da ya yi kama da abin da ake yanke wa hukunci a ma'aikatun lafiya. Shiri biyu ne, kuɗin ɗaya ake da shi. Na farko: a gwada mata masu ciki, a ba masu wata cuta magani, yara 1,000 da za a haifa da naƙasa su fito lafiya. Na biyu: a gwada mata masu niyyar ɗaukar ciki, a ce wa masu wata cutar su jira wata biyu ta wuce, a haifi lafiyayyu 1,000 a maimakon naƙasassu 1,000. A na farko yaran nan ɗin dai aka warkar. A na biyu wasu yaran daban ne suka zo. Parfit ya ce babu bambanci ko kaɗan. Kowa ya zaɓa.

Baba Sani:
Na farko. Wanda ke ciki ya riga ya zo, yana da haƙƙi a kanmu.

Issoufou Damagaram:
In na ce na farko ya fi, na rushe maganata ta itatuwa, don jikokin ma ba su zo ba. Babu bambanci.

Ummu Sadiq:
Na farko. Wadda aka ce ta jira wata biyu, mijin zai yarda ne? Ku fara tambayar wannan.

Malam Tijjani:
Na farko, musamman in cikin ya wuce kwana 120 an busa rai.

Zulai:
In bai kai 120 ba fa, Malam?

Malam Tijjani:
Mu Malikawa tun daga shigar ciki muke ba shi alfarma, ba sai an busa rai ba. Na farko dai.